Yadda Ake Ratsa Babban Filin Jirgi Daga Kebbi Zuwa Jidda Idan Babu Jami'in Alhazai

Mu mutanen Kebbi mun saba da jirgin Hajji. Filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa yana kwasar alhazanmu, daga nan ne ma jirgin farko na alhazan Najeriya ya tashi a 2024. Sai dai a tafiyar Hajji ɗauke ake da kai. Jami'in ƙaramar hukumarku na riƙe da jerin sunaye, an auna uwar jaka tun da wuri, ana kiran ku layi-layi har cikin jirgi. Shi ya sa za ka ga Alhajin da ya sauke farali tun shekarun baya, ranar da ya tashi zuwa Umara shi da iyalinsa, ya tsaya cak a tsakiyar filin jirgin wata ƙasa bai san gabas ba balle yamma. Ba ƙauyanci ba ne, ba a taɓa barin sa ya yi da kansa ba ne.

Wannan bayanin na mai tafiya da tikitin kansa ne, mai Umara ko ɗan kasuwa ko mai rakiyar tsoho. Abin da nake so ya zauna maka tun yanzu shi ne, babban filin jirgi ba tashar Jega ba ce, inda ɗan kamasho zai yi ta kiran sunan gari har ya zo ya karɓi jakarka. A can rubutu ne ke kira: tikitinka, katin shiga jirgi, da allunan da ke rataye a sama. Wanda ya san abin da zai duba a cikinsu ya gama rabin tafiya.

Tun kana gida

Fara da fasfo. Ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare daga ranar da za ka shiga Saudiyya. Sannan ka shimfiɗa fasfo da biza da tikiti a gabanka, ka bi sunanka harafi bayan harafi. Muhammad a fasfo, Mohammed a tikiti, wannan kaɗai na iya tsayar da kai a wajen awo. Ejan ɗin da ya yanka maka tikiti shi zai gyara, kuma gyaran ya fi sauƙi kana Birnin Kebbi da kana tsaye gaban kanta a Abuja.

Sai katin rigakafi mai ruwan ɗorawa. Allurar shawara sau ɗaya ake yin ta, amma sai ta kwana 10 a jiki kafin katin ya fara aiki. Saudiyya na neman allurar sanƙarau ga masu Hajji da Umara, ita ma kwana 10 kafin tafiya, kuma 'yan Najeriya ana neman su da rigakafin shan-inna. Don Allah kada ka sayi kati ba allura. Za ka shiga cikin dubban ɗaruruwan mutane daga ko'ina a duniya, mu kuma nan arewa maso yamma mun san abin da sanƙarau ke yi idan zafi ya shigo.

Ka sa a buga maka biza da tikiti da takardar masauki a takarda, kwafi biyu. Waya na mutuwa, intanet na yankewa, daidai lokacin da jami'i ya miƙo hannu.

Yanzu lokacin tashi, wanda shi ya fi cin mutane. Agogon tikiti na awa 24 ne, kuma kowane lokaci da aka rubuta na garin da abin zai faru ne. Idan an rubuta 01:30 ranar Talata, to ranar Litinin da dare za ka je filin jirgi, domin da ƙarfe 12 na dare ta wuce Talata ta shigo. Mutum ya zauna a masauki yana jiran ranar Talata da dare, jirgi ya tashi tun jiya. Saudiyya da Habasha suna gaban Najeriya da awa 2.

Idan akwai tsoho ko mai ciwon ƙafa, ka sa ejan ya nema masa keken guragu a cikin tikiti, aƙalla kwana 2 kafin tashi. Kyauta ne. Ma'aikaci zai tura shi, a wuce da shi gaban layi, har ƙofar jirgi. Dattawanmu kan ƙi, su ce da ƙafarsu. Ka lallashe su: "Inna, ba don kin gaza ba ne, tafiyar cikin ginin nan ta fi daga gida zuwa kasuwa, ki ajiye ƙarfinki don ɗawafi."

Haɗa kaya

Nauyin da aka yarje maka yana rubuce a tikiti. Kamfanoni da yawa kilo 23 suke ba kowane akwati, kuma ba a haɗa kilon akwati biyu a zuba wa ɗaya. Ka auna tun a gida, ko da sikelin mai shinkafa ne.

A jakar hannu za ka sa fasfo da takardu, kuɗi, waya da caja, magungunanka, kaya canji ɗaya, da harami. Harami a jakar hannu, ba a babban akwati ba, zan faɗi dalili a gaba. Batirin cajin waya na tafi-da-gidanka shi ma a jakar hannu ake sa shi, an hana shi shiga babban akwati saboda gudun gobara. Almakashin da Hajiya za ta rage gashi da shi bayan sa'ayi, da reza, da aska, su kuma babban akwati. Duk wani abu mai ruwa-ruwa a jakar hannu kada mazubinsa ya wuce mililita 100. Zuma, man shanu, turare, man shafawa, duk ruwa ne a wajen masu bincike, za su karɓe ko da kuka kake yi.

Goro a bar shi gida. Hukumar alhazai ta ƙasa ta sha gargaɗi cewa Saudiyya ta hana shiga da shi. Haka ƙullin garin maganin gargajiya da ba suna ba takarda, da laya da guru. Maganin hawan jini ko na suga ka bar shi cikin kwalinsa, ka riƙe takardar likita. Tiramadol da danginsa kuwa ko kusa, domin hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya na kaiwa ga kisa.

A nan zan ɗan tsaya, don wannan ya fi duk sauran nauyi a zuciyata. Kada ka karɓi saƙon kowa. Mu mutane ne masu kunya, maƙwabci ya kawo ɗan ƙulli ya ce a kai wa ɗiyarsa a Makka, ka ji nauyin cewa a'a. Idan ba makawa, a kwance shi a gabanka, ka ga komai da idonka, ka zuba shi cikin naka mazubi. A cikin filin jirgi kuwa babu wannan maganar sam, ko da tsohuwa ce ta ce kilonta ya yi yawa ka taimaka. A watan Disamba na 2018 an kama wata ɗalibar jami'a daga Kano a Saudiyya saboda wata jaka mai ƙwaya da aka liƙa wa sunanta a filin jirgi ba da saninta ba, sai a watan Afrilu na 2019 aka sake ta bayan bincike ya wanke ta. Ita ko karɓar saƙo ba ta yi ba. Saboda haka ka ɗauki hoton akwatunanka a waya kafin awo, ka san adadinsu, ka kuma lura da abin da zan faɗa game da 'yar takardar kaya.

Hanya zuwa Abuja ko Kano

Yawancinmu ta Abuja ko Kano muke fita. Ko ta Yauri da Kontagora ka bi, ko ta Sakkwato da Gusau da Funtuwa, ka tashi da sassafe, ka isa da rana, ka kwana a garin da jirgi zai tashi. Halin da hanyoyinmu ke ciki ba sai na faɗa ba. Idan jirgin cikin gida za ka hau zuwa Abuja, shi ma ka hau tun ana gobe, domin tikitinsa daban ne. In ya yi jinkiri ka rasa babban jirgi, kamfanin waje ba ruwansa, sabon kuɗi za ka nema.

Ranar tashi

Ka isa filin jirgi da sauran awa 4, ko 3 in an matsa. Ana rufe awo kamar awa 1 kafin tashi, kuma idan an rufe magiya ba ta buɗewa.

Daga ƙofa za a saka kayanka a na'ura. Jami'an kwastan da na hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi na iya cewa ka buɗe. Ka buɗe da hannunka, ka tsaya a kai, ka rufe da hannunka. Idan kuɗin da ke jikinka sun haura dala 10,000 ko kwatankwacinsu, doka ta ce ka bayyana wa kwastan.

Sai kantar kamfanin jirginka. Ka miƙa fasfo da biza, a auna kaya, a ɗaura wa kowane akwati doguwar takarda mai haruffa uku manya. Ka leƙa ka karanta: JED Jidda ce, MED Madina ce. Idan ka ga ADD ko CAI kawai, wato Addis Ababa ko Alƙahira, ka tambaya nan take, don kada kayanka su tsaya a hanya. Za a ba ka 'yar ƙaramar takarda mai lamba a kan kowane akwati, galibi a manna ta bayan katin shiga jirgi ko bayan fasfo. Ka ƙirga. Akwati biyu, takarda biyu. Idan uku ka gani, kada ka gusa daga wurin sai an yi maka bayani. Ka adana su har ka dawo gida.

Mai yada zango a wata ƙasa yakan karɓi katin shiga jirgi biyu. A kowanne akwai lambar jirgi, lambar kujera, lambar ƙofa, da lokacin fara shiga. Lokacin shiga shi ne naka, ba lokacin tashi ba, domin ana rufe ƙofa tun jirgi na da sauran mintuna a ƙasa.

Daga nan jami'an lafiya su duba katin rigakafi, na shige da fice su duba fasfo, a sake binciken jiki. Ka cire bel, agogo, waya da tsabar kuɗi ka zuba a faranti. Mata ma'aikata ne ke binciken mata.

A cikin jirgi

Bayan gidan jirgi ba a kwara ruwa a ƙasa. Ka shiga da 'yar gorar ruwa don tsarki, ka yi a hankali cikin mazaunin, ka danna maɓalli. Ƙarar da zai yi mai ƙarfi ce, ka gaya wa wanda bai taɓa ji ba tun kafin ya shiga. Na ga dattijuwar da ta ƙi ci ta ƙi sha tun daga Abuja don tsoron shiga wannan ɗakin, leɓɓanta sun bushe, ga ɗawafi da sa'ayi na jiran ta. Ka raka Baba ko Inna har ƙofa sau ɗaya, ka nuna musu sakata da famfo, shi ke nan. Alwala ka yi ta a ƙasa kafin a shiga. Maganar ƙasaru da haɗa salloli kuma ka zauna da malaminka tun a gida.

Idan kunne ya toshe lokacin sauka, ka yi ta haɗiyar yawu ko hamma. Jariri a ba shi nono.

Yada zango

Nan ne ake ɓata. Jirgin Ethiopian Airlines kan tsaya a filin Bole na Addis Ababa, na EgyptAir a Alƙahira, na Qatar Airways a Doha. Da an sauka, kada ka bi ayari ido rufe, domin wasu a cikinsu nan ne ƙarshen tafiyarsu, waje za su fita. Kai ka bi alamar da aka rubuta Transfer ko Connecting Flights. Ba za ka ɗauki babban akwati ba idan an rubuta masa JED tun daga gida. Sau da yawa akan sake bincike a nan, ruwan gorar da ka fito da shi daga jirgi ma sai a karɓe.

Kana wucewa, kafin shayi, kafin bayan gida, ka nemi babban allon da ke nuna jiragen da za su tashi. Lambar jirginka za ka nema, ba sunan gari kaɗai ba, don jirgi biyu na iya zuwa Jidda a dare ɗaya. Ka ga lambar ƙofa, ka taka har can ka gan ta da idonka, sannan ka nemi masallaci da abinci a kusa. Kana zaune ka riƙa komawa kan allon, domin ana sauya ƙofa, kuma sanarwar lasifika ba lalle ka gane ta ba. Ka gyara agogon hannunka ya koma lokacin garin. Idan barci ya matsa, ka saka ƙararrawar waya, ka rataya jakar fasfo a wuya cikin riga.

In kai ya ɗaure, nuna wa mai kayan aiki katin shiga jirginka. Ba sai kana jin Turanci ba, zai nuna maka da hannu. Matambayi ba ya ɓata. Idan jirgin farko ya makara har ka rasa na biyu, kuma tikiti ɗaya ne, kantar kamfanin da ke cikin ginin za ka nufa, su ne za su sa ka a wani.

Yanzu ga dalilin da ya sa harami ke jakar hannu. Mai nufin Makka kai tsaye ba ya wuce miƙati sai da harami, kuma mafi yawan malamai ba su ɗauki Jidda a matsayin miƙatin wanda ya zo daga waje ba. Jirgi a sama zai wuce daidai miƙatin, ta wajen Yalamlam in daga kudu ya taso, ta wajen Juhfa in daga Masar. Wanda ya wuce ba harami sai ya koma ko ya yi yanka. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka ɗaura zanen haramin a filin da ka yada zango, don ɗakin bayan gidan jirgi ba wurin ɗaura zane ba ne. Addis Ababa tana kan tudu mai tsawon mita sama da 2,300, da dare akwai sanyi, saboda haka ka ɗaura na ƙasa, ka bar riga a jiki, ka cire ta kafin niyya. Wasu jiragen na sanar da isowar miƙati, wasu ba sa yi, don haka ka tambayi ma'aikacin jirgi tun da aka tashi. Wanda zai fara da Madina ba ruwansa da wannan, sai ya tashi zuwa Makka zai ɗauki harami a Zulhulaifa.

Saukar Jidda

Filin jirgin Sarki Abdul'aziz gari ne guda. Akwai sashen alhazai mai rufi irin na tantuna, wanda aka buɗe a 1981, shi ne alhazanmu suka sani. Akwai sashen arewa, akwai kuma sabon gini, sashe na 1, da aka ƙaddamar a 2019.

A layin shige da fice ka riƙe fasfo da takardar biza a hannu. Za a ɗauki hotonka da zanen yatsu. Hajiya, lallen tafiya a bar shi a tafin hannu da ƙafa, kada a cika shi a kan yatsu, don yana iya hana na'ura karantawa. Manomi mai kaushin hannu ya ɗan murza yatsun da danshi ko ɗigon mai. Kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoto a wannan wurin.

Sai wajen ɗaukar kaya. Allo zai nuna lambar bel ɗin da kayan jirginku za su fito. Akwatuna na kama da juna, shi ya sa ɗaura ƙyallen atamfa mai launi a hannun akwati ke da amfani, amma duk da haka ka gwada lambar da ke jikinsa da ta 'yar takardarka. Idan bel ya tsaya naka bai fito ba, kada ka fita. Ofishin cigiyar kaya na nan cikin zauren. Ka nuna 'yar takardar, ka nuna hoton akwatin, ka ba da sunan masaukinka, su ba ka takarda mai lambar bibiya. Akwatin da ya fashe ma a nan ake kai ƙararsa, kuma kwana 7 kawai doka ta bayar a rubuta koke.

A waje akwai kantunan layin waya na STC da Mobily da Zain, da fasfo ake saya. Akwai wajen canji, dala 1 riyal 3.75 ce a hukumance, ɗan abin da za su rage kaɗan ne. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu. Daga nan zuwa Makka kusan kilomita 100 ne. Idan ejan ya shirya mota, ka karɓi lambar direba tun kana gida. In tasi za ka hau, ka je layin tasi na hukuma, ka daidaita kuɗi kafin a saka kaya, ka rabu da masu tare mutane a bakin ƙofa. Jirgin ƙasa na Haramaini yana da tasha a jikin sashe na 1, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa, yana zuwa Makka da Madina, sai dai yana da ƙa'idar kaya, bai dace da mai manyan akwatuna da yawa ba.

Dawowa

Abu na farko, ka duba sashen da jirginka zai tashi, yana rubuce a tikiti. Sassan Jidda suna da nisa da juna, ba a takawa da ƙafa, kuma direban da ka ce wa filin jirgi kawai zai sauke ka inda ya ga dama. Ka baro Makka da wuri ƙwarai, musamman a goman ƙarshe na azumi da bayan Salla, lokacin da cunkoso ke kai wa maƙura.

Zamzam ba a cusa shi cikin akwati, na'ura za ta gani, a buɗe a cire. A filin jirgi ake sayar da na lita 5 a cikin kwalinsa, ɗaya ga kowane mai Umara, a auna shi daban. Ka tambayi kamfanin jirginka tun da wuri ko yana ɗauka. Dabino da jallabiyoyi da dardumar tsaraba suna da nauyin da ba a zato, ka auna a masauki, don kuɗin ƙarin kilo a kanta na iya fin kuɗin tsarabar. Maganar saƙo tana nan yadda take, har ta fi yawa a dawowa, domin a nan ne za a yi ta roƙonka ka ɗaukar wa wani jaka zuwa Kano. Ka ba da haƙuri ka wuce. Ka kuma san ranar da bizarka ta ce ka fita, don kafin Hajji akan sa wa masu Umara wa'adin barin ƙasar, wanda ya wuce shi tara da hani na jiran sa.

Idan ka sauka Abuja ko Kano, ka sake gwada lambobin kaya kafin ka fita zauren. In da yamma ko da dare jirgi ya sauka, ka kira gida ka ce kun iso lafiya, ka kwana a nan, ka kama hanyar Kebbi bayan sallar asuba.